Rigar Nutson da Na Kai wa Tela

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinka, amma ka sakaya sunana da na garinmu. A shekarun da abin nan ya faru, ni saurayi ne mai ji da kansa, haifaffen wani ƙauye a bakin kogin Challawa. Siriri ne ni kamar sillen kara, har abokai na tsokanata wai iska mai ƙarfi sai ta yi gaba da ni, amma da an shiga ruwa bakin kowa ya mutu. Ban san ranar da na koyi iyo ba, na dai tashi na gan ni a ciki. Guga ya faɗa rijiya ni ake kira, akuya ta zame a gulbi ni ake kira. Idan na ji wani yana cewa yana tsoron ruwa, dariya yake ba ni.

Wannan suna ne ya kai ni wani ƙaramin kamfani da ke wanke tankunan ruwa na masana'antu a Challawa da Sharada da Bompai. Wasu masana'antun suna da tanki a ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa ya yi tsakar gida, an rufe shi da siminti, ƙofarsa ɗaya tal a sama, daidai shigar mutum. Laka takan taru a ƙasansa ta toshe bakin famfo. Masu masana'anta kuma ba sa son a zubar da ruwan don injinansu za su tsaya, sai a zura mai nutso da tukunyar iska a bayansa ya zuƙe lakar da mesa. Mu biyu aka ɗauka, ni da wani bawan Allah ɗan Jigawa da ya girme ni, wanda nake ce wa Yaya. Wani tsohon mai nutso ne ya koya mana aikin a wani gurbi mai zurfi na kogin.

Ranar da maigidanmu ya kawo kayan aiki, na gwanjo ne daga Legas, sai ya shimfiɗa mana iri biyu na abin da ke riƙe tukunya a jiki, wanda ake hura wa iska mutum ya taso, a sace ta ya nutse. Ɗaya riga ce sosai, kamar jaket marar hannu, da aljihunta, iskar tana zagaye ciki da haƙarƙari. Ɗayan farantin ƙarfe ne da ake goyawa da ɗamara, jakar iskarsa tana can baya. Mai koya mana ya ce kowanne da halinsa. Rigar ta fi sauƙi ga sabon hannu, tana tsayar da mutum daram a saman ruwa, amma sai ta zo daidai jiki, kuma in ta cika tana matse ƙirji. Farantin ana daidaita ɗamararsa da kowane irin jiki, ƙirji a sake yake, sai dai a saman ruwa yakan kifa mutum gaba kafin ya saba. Ya dube ni ya ce tunda ba ni da nama, in ɗauki farantin.

Na gwada shi sau ɗaya. Ina tasowa ya kifa ni, na shaƙi ruwa ta hanci, na dinga tari ina fagamniya a gaban masu ɗibar yashi, wasunsu ma 'yan garinmu ne. Suka kwashe da dariya, wai yau ruwa ya yi maganin mai ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito na yar da shi, na ce ni ba jaki ba ne da za a ɗora wa akumari, a ba Yaya. Yaya ya ɗauka ba ko musu, kuma daga ranar in ya goya sai in bi shi da kukan jaki, shi dai murmushi kawai yake yi.

Matsalar ita ce rigar an yi ta ne don wani ƙato. In na sa ta kamar na shiga buhu, tukunya tana lilo a bayana. To me ɗan Kano yake yi da gwanjon da ya yi masa yawa? Tela yake kai wa. Na kai wa telana na Sharada, dattijo mai kyan hannu wanda ke rage mini wanduna. Ya jujjuya ta, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ya tambaye ni ko tana da wani sirri. Na ce masa riga ce kawai, ya dai kauce wa wajen iskar kada ya huda, ya tsuke mini ita ɗam. Ya ɗinke ɗamarun gefe da na kafaɗa da zaren takalmi, har ta kan maɓallan da ake ɓallewa, ya bar mini ɗaya tak, na kan cikina. Akwai wata 'yar igiya a kafaɗa da ake ja iska ta fita da sauri, ni da bakina na ce ya kwantar da ita ya ɗinke, don tana saƙale mini. Na gwada a shagonsa babu iska a ciki, ta zauna ɗas, na yi godiya. Na yi ta aiki da ita lafiya, domin ban taɓa cika ta ba.

Wata safiya muka shiga tankin wata masana'anta a Sharada, cike yake taf har rufi. Yaya yana kusa da ƙofa, ni na yi nisa can kusurwa. Laka ta dame ruwan, tocila ba ta nuna ko tafin hannu. Na danna madannin da ke hura wa rigar iska kaɗan don in ɗaga daga ƙasa, sai ya maƙale. Na ji rigar tana kumbura, ƙafafuna suka bar ƙasa, kafin in ankara kaina ya gwaru da rufin siminti. Iskar ta manne ni a can sama, babu inda zan taso, kuma ba ta daina shiga ba. Sararin da na sa tela ya cinye ashe shi ne wurin numfashina. Rigar ta damƙe haƙarƙarina kamar an ɗaure buhu da igiya, iska tana bakina amma ƙirjina ya ƙi buɗewa ya karɓa. Na kai hannu kafaɗa neman igiyar, yatsuna suka taɓa ɗinki. Na lalubi maɓallan, ɗinki. Na kan cikina ma ya ɗaure tamau ya ƙi ɓalluwa.

Malam Edita, na ji tsoro irin wanda ban san akwai shi ba. Duk abin da aka koya mana ya gudu daga kaina, har da mafi sauƙinsu, wato in cire tiyon da ke kai iskar. Na dinga kartar siminti da farce ina neman ƙofar da na san ba a nan take ba. Ta cikin rufin ina jin rugugin injina, mutane suna can sama suna aikinsu, ni ina mutuwa a ƙarƙashin takalmansu. Na tuna mahaifiyata, na ga yadda za a shiga a gaya mata ɗanta da take alfahari da iyonsa ruwa ne ya ci shi. Na so in yi kalmar shahada, na kasa haɗa ta ko a zuci. Idona ya fara ganin wasu taurari.

Yaya ne ya ji kumfa ba ta yankewa, da tukunyata tana bugun rufi. Ya biyo igiyar tsaro da ke ɗaure a ƙuguna a cikin duhun nan, ya laluba ya fizge tiyon, ya nemi igiyar kafaɗa bai samu ba, sai ya zaro wuƙa ya farke rigar. Numfashin da na ja a lokacin har yau ina jin zafinsa. Ya riƙe ni ya ja har ƙofa, da akumarinsa a baya. Da muka fito maigida ya yi ta faɗa. Shi Yaya ɗinkin ya tsura wa ido, ya tambaye ni wa ya yi, na ce ni na sa. Sai ya juya baya yana share hawaye.

A asibiti aka ce haƙarƙarina sun bugu, kunnena ɗaya kuma har yau ba ya ji sosai. Da na warke Yaya ya daidaita mini farantinsa, ya ce mu koma a hankali. Na goya, na ji ƙirjina a sake kamar yadda aka faɗa tun farko, amma ina leƙa bakin tanki sai na ja da baya. Ban sake nutso ba. Yanzu lodi nake yi a wani sito a Bompai. In na je gida yara suna tsalle a kogi, ni daga tudu nake kallo.

Ban rubuto don in ce riga ba ta da kyau ba. Akwai masu aiki da ita shekara da shekaru lafiya, don ta zo daidai jikinsu. Ni ne ban zaɓa da jikina ko da aikina ba, da dariyar masu yashi na zaɓa. Duk wanda aka shimfiɗa wa biyun nan, ya gwada kowanne a ruwa, ya cika shi da iska ya ji ko numfashi na shiga, ya tabbata hannunsa na samun igiya da maɓalli ido a rufe. In bai yi masa ba ya mayar, kada ya gyara. Kayan da rai ke rataye a kansu ba wandon gwanjo ba ne.

Telan nan ban taɓa gaya masa ba, don laifin ba nasa ba ne. Sallar da ta wuce na kai masa yadi. Yana zagaya tef ɗin awo a ƙirjina ya ɗan ja, sai na ture hannunsa na yi waje ina haki, gumi ya jiƙa ni. Ya biyo ni yana tambayar ko lafiya, ya ce ai ya san ni da son kaya a tsuke. Na ce masa Baba, don Allah ku ƙara wa kayan faɗi.