Malamin da ke Juya wa Ɗalibarsa Baya

Wata huɗu ke nan da rasuwar abokina Dogo kafinta, har yanzu in na ji ƙamshin sabon katako sai idona ya cika. Shekara ashirin shagona na gyaran keke yana jingine da nasa. Ga tsawo, ga ƙaramar murya, fensir kullum a bayan kunne.

Autarsa tana da in'ina. A makaranta in aka tsayar da ita karatu sai aji ya fashe da dariya, har ta daina magana, ko a gida. Tana shekara takwas Dogo ya ce ta zauna a gida, shi zai koyar da ita. Kawunta, yayan uwar, ya ce wannan gatan banza ne. Ya ba shi shekara ɗaya, in yarinya ba ta buɗe baki ta karanta ba a mayar da ita makaranta.

Dogo ya fara da kuskure irin na kafinta. Ya ƙera benci da tebur, ya rataya allo a falo, har da ƙararrawa. Matarsa ta raɗa masa suna Hedimasta. Auta ta kalli ɗakin, ta ga makarantar da ta gudo ce ta biyo ta gida. Mako uku tana zaune a bencin, shi a gabanta da alli, ko tari ba ta yi ba. Ya same ni ya ce, "Abokina, na iya gyara kowace ƙofa, amma wannan ta ƙi buɗuwa."

Wata safiya ya tafi da ita shago don uwar ta fita. Yana haɗa kujera, ya ba ta baya, hannu duk gam, ya ce ta duba masa takardar awo. Sai ga murya a hankali tana karantowa. Ta sarƙe sau biyu, amma ta kai ƙarshe. Ashe duk abin da yake rubutawa a allo yana shiga. Ya gaya mini bai juyo ba don kada ta ga hawayensa, kuma a nan ya gane idon mutane take tsoro.

Daga ranar darasi ya koma shago. Yana aiki, tana karatu a bayansa. Duk wanda ya shigo, Dogo zai nuna masa bango da haɓa, wato ya juya mata baya. Ni ma na sha tsayawa ina kallon zarto kamar mai laifi.

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi kafin shekarar ta cika. Da ta cika kawu ya zo a kan maganarsa, uwar ta roƙe ni in kasance. Muka zauna a falo. Na fara juya kujerata, ina yi masa alama shi ma ya juya, sai Auta ta ce, "B-baffa, ku zauna haka." Ta buɗe littafi tana fuskantarmu, ta yi shafi biyu, da in'inarta da komai.

Da ta gama, kawu ya tambaya wa zai ci gaba da koyar da ita. Uwar ta ɗauki safiya, ni na ɗauki lissafi da rana. Shi kuma ya gyara murya ya ce a bar masa Asabar.

Allah ya jiƙan Dogo.