Butar Kakata

Yau da hantsi na ga tururuwa sun taru a makewayi bayan Inna ta fito. Haka muka riƙa gani lokacin kakata, mahaifiyarta, mu sa tsintsiya mu share.

Tsohuwar nan alwalarta ba ta kaiwa wata sallar. Tana idarwa sai ka ji jan takalminta, ta ɗauki buta tana cewa, "Ni da ke dai sai Allah." Leɓɓanta kullum a bushe. Muka ce sanyin mara ne, muna dama mata fura da zuma saboda ƙishi.

Ranar da muka kai ta asibiti a Anka, ni na riƙe ta a kan babur, ba nauyi kamar karan dawa. Ma'aikaciyar jinya ta ce sukari ne ya yi yawa a jininta. Ƙoda ta kasa riƙe shi, tana zubar da shi cikin fitsari, shi kuma yana janye ruwan jiki. Fitsarin ke nan, ƙishin ke nan.

"To zumar da kuka ɗura mani fa, ja'ira?" in ji kakata, tana dariyar gajiya. Ni na kasa dariya. Ba ta ga girbin gero ba.

Na roƙi Inna mu je gwaji, ta ce, "Mi as same ni? Zahin rani ne." Na gaji, amma gobe zan sake roƙonta. Allah Ya sanyaya kabarin tsohuwa, Ya sa Inna ta shiga asibiti da ƙafarta.