Rikodar Maliki a Gonar Riɗi

Maliki ɗan ƙauyenmu ne, can kudu da Mai Wurno, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar mutum da jakinsa. Darni ɗaya ya raba gidansu da namu. Ubansa, marigayi Sambo, manomi ne na gaske, irin wanda in aka kaɗa masa ganga yakan shiga gona kamar an yi masa albishir. Shi kuwa Maliki tun yana saurayi ya ce laka tana ɓata masa ƙafa, ya hau mota ya tafi birnin Wad Madani.

Zamansa a can ba mu san shi sosai ba. Shi dai ya ce aikin ofis yake yi. Wani namu da ya kai mara lafiya asibiti ya ce ya hange shi a ƙofar wani ofis riƙe da farantin shayi. Duka biyun suna iya zama gaskiya.

Da Sambo ya rasu, a farkon shekarun casa'in, Maliki ya dawo ya gaji gona. Ya zo da farar jallabiya, da tabarau, da rikoda mai cin kaset biyu. Ya hana a ce mata rikoda, sai dai musajjal. Ya kuma hana matarsa Hauwa ta ce masa Baban Salih, wai Abu Salih ya fi daɗin ji. Ta ce to, ta ci gaba da kiransa yadda ta saba.

Kullum bayan la'asar yakan ɗauko rikodar ya zo gindin dogon yaro, inda Sabuwa take sayar da shayi. Ba ya saka kaset sai ya yi mana bayani tukuna. Akwai wanda yake ji da safe domin ya buɗe masa kai, akwai na bayan cin abinci, akwai na ranar da ransa ya ɓaci. Dukansu waƙoƙin birni ne na Larabci, da ud, wato molon nan mai ƙaton ciki.

"Ku saurara nan, ya jama'a," in ji shi, ya ɗaga yatsa ya lumshe ido. "Kun ji yadda ya ja muryar? Wadda yake so ce ta hau jirgin ƙasa ta bar shi a tasha. Abin da ya sa nake son wannan, kiɗa ne na zama. Yana sa mutum tunani. Ba a doki fatar akuya har karnuka su gudu ba."

Waƙoƙin ba su da laifi. 'Ya'yanmu ma suna jin su, ni kaina akwai ɗaya da nakan rage shan shayi in an zo kanta. Sai dai ban taɓa gama jin ta ba, domin Maliki yakan tsayar da ita a tsakiya ya faɗa mana abin da ya kamata mu ji.

Wata rana ya yi maganar fatar akuya Sodangi yana zaune. Sodangi shi ne makaɗin noma na ƙauyen, ya gaji ganga daga kakanninsa da suka taho da ita daga ƙasar Hausa, can yamma. Ba waliyyi ba ne. Bakinsa ya fi gangarsa ƙara, kuma bai taɓa tashi ya bar tsoka a akushi ba.

"Kawu Sodangi, kar ka ji haushi," in ji Maliki, "amma zamani ya wuce ku."

Sodangi ya kurɓi shayin da wani ya saya masa. "Ɗan Sambo, ubanka dai bai gaya mini haka ba. Sabuwa, ƙara sukari, yau ɗan Madani ne ke biya."

Aka yi dariya, aka watse. Damina ta zo da kyau a shekarar, riɗin Maliki ya yi abin da bai taɓa yi ba ko a hannun Sambo. A kansa gidan ya dogara: da shi za a sayi dawar shekara, da shi Salih zai koma makaranta a Sennar. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. In ganyensa ya yi ɗorawa, a yanke shi a ɗaure a jingine. In aka yi sanyin jiki, kwanson ya buɗe baki, ƙwayar ta koma ƙasar da ta fito. Shi ya sa ake kiran gayya, wadda yaran yanzu suke ce wa nafir.

Gayya a wurinmu tana da hanya. Mai gona yakan fara kai wa makaɗi goro. A gona kowane saurayi yana da takensa. In ganga ta kira shi, sai ya yi kirari ya duƙa, 'yan mata masu kawo ruwa su yi guɗa, na kusa da shi ya ji kunyar a bar shi a baya. Da haka gona take ƙarewa kafin rana ta take.

Hauwa ta ƙulle goro a tsumma ta ajiye masa. "Baban Salih, na Kawu Sodangi ne."

"Abu Salih," in ji shi. "Kuma a gonata ba za a yi hauka ba. Zan nuna musu yadda ake aiki cikin natsuwa."

Ya cinye goron shi kaɗai. Ya bi gida-gida da baki ya gayyaci samari, ya yanka bunsuru. Sun zo kuwa, wasu don Sambo, wasu don bunsurun. Ni ma na je, gonata ce a gefe. Muka tarar ya rataye rikoda a reshen aduwa, ya sa mata sababbin batura, yana tsaye a inuwa da tabarau.

Ya ce waƙar da ya zaɓa mana ta safe ce, mai buɗe kai. Aka saki waƙar nan ta mai jirgin ƙasa. Samari suka duƙa, lauje ya bi waƙa. Waƙar kuwa ba ta sauri, sai mutum ya yanka ɗaya ya jira mawaƙi ya gama jan numfashi. Mati, wanda a wajen Sodangi yakan cinye kunya uku kafin wani ya gama ɗaya, ya miƙe tsaye da lauje a kafaɗa.

"Baba Maliki, to ita yarinyar ta dawo kuwa?"

Maliki ya ji daɗin tambayar ƙwarai. "Ya salam! Ka ga mai kunne. Matso ka ji, amsar tana bayan kaset ɗin."

Mati ya matsa inuwa. Sauran ma suka ga bai kamata a bar su cikin duhu ba. Maliki ya tsayar, ya yi bayani, ya mayar baya, ya sake bayani. 'Yan mata suka ajiye tulunan ruwa, ba su sami wanda za su yi wa guɗa ba. Can rana ta dafa batura, muryar mawaƙin ta yi kauri kamar ta bijimi. Aka kawo abinci. A al'adarmu in an ci abincin gayya, an sallami mutane ke nan. Suka wanke hannu, suka yi wa Sambo addu'a, suka tafi. Washegari gayyar wani ce, jibi ta wani.

Abin da aka yanka bai kai kusurwa ɗaya ba. Zafi ya ƙaru. In ka tsaya a bakin gonar da tsakar rana kana jin kwanso yana tsagewa, ƙas, ƙas. Kurciyoyi suka yi tasu gayyar, ba ganga ba musajjal.

Ban san abin da Hauwa ta faɗa masa ba, darni ba ya kawo komai sai sauti. Na dai ga ya fita da sabon ƙullin goro, ba tabarau. Sodangi da kansa ya ba da labarin sauran a wajen shayi, ya kuma maimaita shi har ƙarshen ransa. Ya ce ya karɓi goron ya juya shi ya duba ko da tsutsa.

"Ɗan Sambo, zamani ne ya dawo?"

"Kawu, riɗina yana zuba."

"Na ji. Amma gangata ba ta zuwa gonar da mai ita ke tsaye a inuwa. Taken ubanka zan fara kaɗawa. In ba wanda ya amsa, in rataye abata in koma gida."

Da aka sami ranar da babu gayyar kowa, Sodangi ya zaga gari, samari suka biyo shi. Maliki ya fito da tsohuwar rigar Sambo. Ganga ta kira taken Sambo. Ta sake kira. Sai muka ji muryar Maliki ta fashe:

"Sai ni na Sambo, ƙaya a hanyar raggo! Rana ta gaji ta tafi ta bar ni a gona!"

Ko kalma ɗaya bai rage ba, shi da ya ce Hausar tsofaffi ta ɓace masa a Madani. Aka yi guɗa, ya duƙa. Kafin azahar tafin hannunsa ya ɗaye, bai miƙe ba. An gama gonar a ranar, sai dai rabin ƙwayar ta riga ta zube. Dawa ta kai su shekara da ƙyar. Salih bai koma Sennar ba sai da wata damina ta zagayo.

Yanzu Sodangi ya daɗe da rasuwa, rikoda ta mutu, 'yar Sabuwa ce take dafa shayin. Maliki ya yi furfura, yana da waya mai cike da waƙoƙi. A ciki har da gangar Sodangi, wadda Salih ya ɗauka a wani biki kafin tsohon ya kwanta. Yakan saka mana ita bayan la'asar, ya ɗaga yatsa.

"Ku saurara nan. Wannan shi ake kira turas, gadon kakanni. Abin da ya sa nake son sa, yana motsa jini. A Madani masu ilimi suna neman irinsa ido rufe. Ku mutanen ƙauye ba ku san darajar abinku ba."

Mukan ce haka ne, Abu Salih. Sai ya tsayar da gangar a tsakiya, ya fara bayani.