Buɗe Baki, Yaya

A unguwarmu ba wanda ke kiranta da sunan da aka raɗa mata. Buɗe-Baki ake ce mata, kuma tana amsawa. Ma'aikaciyar lafiya ce ta ƙaramin asibitin unguwa, gajeriya, ga takalmin roba da jaka mai zif biyu. Saurin tafiyarta sai ka ce an aiko ta ɗauko wuta.

A da, mai tarin fuka sai ya hau mota biyu ya je babban asibiti, ya wuni a layi, a zuba masa ƙwayoyin wata guda a leda a ce ya tafi. To, ɗan Adam ne fa. Da ya ga tarin ya lafa, abinci ya fara shiga, sai ya tura ledar ƙarƙashin katifa. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya daina jin maganin farko. Da aka gaji da binne mutane sai hukuma ta canza tsari. Aka sauko da maganin asibitocin unguwanni, aka ɗebi mata da maza 'yan unguwa aka koya musu aiki, aka ce dokar ɗaya ce: kullum da safe ma'aikaci ya kai ƙwaya har gida, mara lafiya ya haɗiye a gabansa, tsawon wata shida.

Ita lokacin tana shara da wanke-wanke a asibitin. Nas ɗin da ke riƙe da wurin ta lura duk majinyacin da ya shigo sai ta san gidansu da wanda ke dafa masa abinci, don haka ta sa sunanta cikin masu zuwa horo. Ta dawo da katin shaidar aiki a wuya, ta kuma ƙara wa dokar nata gishirin. Ba ta yarda da haɗiya kawai ba. In ka kurɓi ruwa sai ta ce, “Buɗe baki. Ɗaga harshe.” Ta leƙa, sannan ta ja layi a katinka. Ta yi wa mai shagon kan kwana haka a gaban masu ciniki, ta yi wa wani tsohon soja da unguwa ke shakka. Sojan ya zare mata ido, ta ce, “Baba, idon na gani, harshen nake jira.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ɗaga.

An zage ta, an sakar mata kare, an ce da ita mayyar magani. Ko a jikinta. Shekara tara tana wannan zirga-zirga, mutum sittin da wani abu suka bi ta hannunta, ba wanda ya yanke magani a hanya. Ni dai ban ga ma'aikaci irinta ba, kuma na daɗe ina kallon ma'aikata.

Sai ciwon ya shigo gidansu. Yayanta ne, kafinta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu tana 'yar shekara shida. Shi ya sa ta makaranta, shi ya haɗa mata gadon aure da hannunsa. Mutum ne mai kirki da taurin kai, irin wanda ba ya son a ga gazawarsa. Tari ya yi wata biyu yana cinsa, yana cewa garin katako ne. Sai da matarsa ta ga jini a hankici ta rugo wurin ƙanwar mijin. Aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne, aka buɗe masa kati. Gidansa na cikin layukan da take zagayawa.

Safiyar farko ta same shi a shago, fensir a bayan kunne. Ta miƙa masa ƙwayoyi huɗu da kofin ruwa. Ya watsa a baki, ya kurɓa, ya dube ta. Kalmomin nan biyu da ta faɗa wa mutum sittin suka gagare ta faɗa. Mutumin da ya goya ta za ta ce wa ya ɗaga harshe? Ta sunkuyar da kai ta ja layi.

Bayan wata biyu ya murmure, kumatu suka ciko. Ya ce, “Ke, Auta, wannan sintirin ya isa. Maƙwabta sun fara tambaya me kike zuwa yi kullum. Ki bar min na mako, ni ba yaro ba ne.”

“Yaya, doka ce.”

“Dokar ce ta saya miki littafi? Ni zan yi miki ƙarya?”

Ta ƙirga masa na kwana bakwai ta nannaɗe a takarda. Duk ranar Litinin ta kawo wasu, ta ja layi bakwai a katin a zama ɗaya, zuciyarta na gaya mata ba daidai take yi ba. A nan na fi jin haushinta, don ta fi kowa sanin abin da ke biyo baya. Amma waye cikinmu bai taɓa jin nauyin babba ba?

Wata na huɗu tarin ya dawo. Matar yayan ta tare ta a bakin ƙofa, ta ja ta bayan shago, ta buɗe mata gwangwanin ƙusoshi. Ƙullin takardu ne a ciki, shida ko bakwai, ko warware wasu ba a yi ba. Matar ta ce, “Wai maganin na sa shi jiri, ga zarto a hannu. Na yi magana ya ce in zuba ido.”

Buɗe-Baki ta zauna a kan katako. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta san irin ciwon da ke dawowa bayan an yanke magani. Tana iya yin shiru, ta ci gaba da kai masa ƙwaya, katin ya tafi a cike ba wanda zai sani. Sai dai in ciwon ya daina jin wannan maganin, shirun nan shi zai kashe shi.

Ta ɗauki gwangwanin har da ƙusoshin, ta je ta ajiye a teburin nas. Ta ce, “Layukan nan na katin Yaya ƙarya ne, ni na ja su. Ban ga ya sha ba. A sake gwada shi.”

Nas ta rubuta mata takardar gargaɗi, wadda ita ce ta farko kuma ta ƙarshe a aikinta, sannan ta ce za ta miƙa gidan yayan ga wani ma'aikaci. Buɗe-Baki ta ce a'a, wanda ya ɓata shi ke gyarawa, kuma yayan nata zai kori kowa amma ita sai dai ya ɗauke ta ya fitar.

Gwaji ya fito yadda take tsoro. Ciwon ya daina jin maganin farko. A wancan lokacin maganin irin wannan kusan shekara biyu ake sha, ƙwayoyi cike da tafin hannu, ga allura kullum ta tsawon watanni, kuma likita ya faɗa musu allurar na iya taɓa ji. Da yayan ya gane ita ce ta kai gwangwanin, ya ce, “Ni kika tona wa asiri a gaban mutane? To na gode.” Daga wannan bai ƙara yi mata magana ba.

Washegari ƙarfe bakwai tana ƙofar shago. Ta gaishe shi, bai amsa ba. Ta miƙa ƙwayoyi, ya watsa, ya kurɓi ruwa, ya juya zai ɗauki guduma. Ta ce, “Yaya, buɗe baki.” Ya tsaya cik. Matarsa da ke leƙe ta taga ta ja labule. Ta sake cewa, “Buɗe baki, Yaya. Ɗaga harshe.” Hawaye na zuba, amma ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. Can ya buɗe. Akwai guda biyu a ƙarƙashin harshen. Ta sake cika kofin ta miƙa masa.

Haka suka yi wata ashirin. Da ruwan sama ta zo, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ta zo a bayan babur, ranar da 'yarta ta haihu sai da ta biya shagon kafin ta wuce ganin jika. Ya yi amai ta share, ya rame ta sa aka ƙara masa abinci daga asibiti. Da ta lura ana kiransa ba ya waiwayowa, ita ta ja shi wurin likita aka sauya allurar, amma kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama ma sai an ɗaga murya. Wannan kunnen har yau tana ganin a wuyanta yake, kuma ba wanda ya iya raba ta da wannan tunanin. Duk tsawon lokacin kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu daga ɓangarensa. In yana da saƙo sai ya gaya wa matarsa, alhali ƙanwar na tsaye a gabansa.

Gwaji uku a jere suka fito ba ciwo. Safiyar ƙarshe ta miƙa masa ƙwayoyin, ya sha, ya ɗaga harshe tun ba ta tambaya ba. Ta ja layin ƙarshe, ta matsa kusa da kunnensa na dama ta ce da ƙarfi, “An gama, Yaya. Ka warke. Daga yau na daina damunka.”

Ta sa katin a jaka, ta ɗauraye kofin ta kife a kan benci. Ta kai bakin ƙofa ke nan ta ji muryarsa a bayanta, sama-sama irin ta wanda ba ya jin kansa sosai.

“Auta.”

Ta juyo. Bai dube ta ba, yana ta goga wata ƙafar kujera da ta riga ta yi sumul.

“Gobe ƙarfe nawa za ki zo?”