Kokon da na riƙa tsinka wa mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Dangora, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki mai sauƙi, ana tsakiyar yankan dawa. Cikin ikon Allah ƙafa ta dawo, magana ta dawo. Haɗiya ce ba ta dawo daidai ba, mu kuma ba mu san ana rasa ta ba.

Da ya kurɓi ruwa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa. Ya daina fita cin tuwo da maƙwabta a ƙofar gida saboda kunya. Ya rame ƙwarai.

Ni kuwa, da yake ni ne mai boko a gidan, sai na naɗa kaina likita. Duk Juma'a nakan hau acaɓa na zo ƙauyenmu kusa da Kiru, na kafa dokoki. A lissafina, wanda abinci ke tsaya wa a wuya ai abu mai ruwa-ruwa ya dace da shi, kamar yadda ake yi wa kowane majinyaci. Shi kuma sai ya ajiye kokonsa ya huce, ya yi kauri, sannan ya riƙa tsakura da bakin ludayi. Ina gani sai na ɗauke kwanon na sirka da ruwan zafi.

"Malam, bar mini shi da kaurinsa," in ji shi. Haka yake kirana.

"Baba, ai kaurin ne ke maƙale maka. Daure ka kora da ruwa."

Bai yi musu ba. Ya sha, ya yi tari, na bubbuga masa baya ina jin na yi aikin lada. Har na bar wa mahaifiyata sallahu cewa ko ba na nan a tsinka.

Ba a yi wata biyu ba zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa yana kurari. A asibiti aka ce ciwon huhu ne. Wata nas ta zaunar da mu, ta ce a maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta numfashi. Ga mai irin larurarsa, abu mai ruwa-ruwa kan riga haɗiya gudu, ya zarce huhu. Shi mai kauri ya fi masa, a zaune sosai, kaɗan-kaɗan, kuma kada ya kwanta da zarar ya gama.

Sai ta tambaya, "Wa yake tsinka masa kokon?"

Kafin na buɗe baki, Baba ya ɗaga hannun da aka sa wa ƙarin ruwa, ya dubi nas ɗin.

"'Yata, ni nake tsinka abina. Ban sani ba ne."

An sallame shi, ya ƙara shekara biyu a duniya, amma numfashinsa bai koma yadda yake ba, gona ma bai sake shiga ba. Yanzu duk majinyacin da ya ce mini ga yadda yake ji a jikinsa, nakan yi shiru na saurara.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, a shekara biyun nan ni nake ba shi abinci duk ƙarshen mako, daga ni sai shi a ɗaki. Kullum sai na shirya cewa, "Baba, ka yafe mini." Kullum sai na ce bari sai Juma'a mai zuwa.