Baba Isaka, Baƙon Kowa

Ina cikin bas a unguwar Moss Side 'yarsa Hajara ta kira ni, ta ce Baba Isaka ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san shi a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da council, wato hukumar gari, ta rufe zauren matasan da nake aiki, na koma haɗa shirin barkwanci na ɓoyayyiyar kyamara a wata 'yar tashar talabijin. Kyamararmu ɗaya, ɗan wasanmu ɗaya: Baba Isaka, tsohon direba, mutumin Kumasi. Zai ƙwanƙwasa ƙofar Bahaushe da ƙatuwar jaka, kyamara na leƙe ta hujin jakar, ya ce yanzu ya sauka daga gida, kawun maigida ne ya turo shi.

Yakan ce, "Bahaushe ya gwammace ya kwana a kicin da ya tambayi baƙo, wane ne kai?" Ba a taɓa tambayarsa ba kuwa.

Da an tona asiri sai ya cire hula ya nemi gafara. "Dariya ma hakki ce," in ji shi, "ba na son a tsare ni a kanta gobe kiyama."

Kowa ya yafe sai Dakta Kabiru na unguwar Selly Oak a Birmingham. Shi ne ya rantse ya tuna Baba tun yana yaro, ya ba shi ɗakinsa, sannan ya raɗa wa matarsa, "Wallahi I have no idea ko wane ne." Da dariyarsa ya yarda a nuna, amma da yaran masallaci suka mai da wannan magana abin gaishe shi, sai ya ɗauke wuta. Kowane azumi Baba kan hau mota zuwa Birmingham da ƙullin goro, ya dawo da abinsa. Abin ya ci Baba ƙwarai, na sha ganin hawayensa.

Ranar jana'iza sai ga Dakta. Ya ja ni gefe.

"Malam, ina kuka ɓoye ta this time?"

Na ce babu kyamara. Ya leƙa bayan labule, ya dubi rufin masallaci. Sai da aka fito da akwatin gawa ya daina dube-dube. Ya kutsa cikin mutane ya sa kafaɗa, yana kuka kamar yaro: "Baba, na yafe. Na yafe tuntuni, girman kai ne kawai."

Allah Ya jiƙan Baba Isaka, Ya yafe masa kamar yadda ya yi ta nema a wajen bayinSa. Allah Ya ba Hajara da ƙannenta haƙuri, Ya sa mu cika da imani.