Ƙidayar da ta tsallake 'ya'yan fari

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da wata tsohuwa ta koya mini ƙidaya a gaban mutanen tunga guda, ni da nake taƙama na gama lise, wato babbar sakandare.

Lokacin ina saurayi, ɗan Madawa, aka ɗauke mu aikin 'yan kwanaki na ƙidayar gidaje a gundumar Buza. Aka ba ni kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik biyu, aka tura ni wata tunga a can ƙarshen ƙaramar hukumar Deule, inda ka tsallaka ƙorama ka shiga ƙasar Babankatami. Na sa farar riga, na soke bik a aljihu yadda kowa zai gani. Yadda nake tafiya, sai ka rantse ni ne na raba jihar Tawa gunduma-gunduma da hannuna.

Maigarin tungar dattijo ne mai sanyin magana. Tun kafin in sha ruwa ya faɗa mini damuwarsa. Ba su da lakkol, wato makarantar boko. Yaransu sai sun tsallaka ƙorama zuwa wani gari na waccan ƙaramar hukuma, in damina ta sauka ruwa ya cika, karatu ya tsaya. Shekara da shekaru yana neman a ba su ko aji ɗaya, amsar kullum ita ce sai an ga yawan yaran da suka isa shiga. To, ga mai gani ya zo, kuma ni ne.

Rani ne, mazan duk sun tafi biɗa, wato ci-rani, daga na Abijan sai na Legas, saboda haka mata na tarar a gidajen. Ina tsayawa bakin zana in yi sallama, in tambaya, "'Ya'yanki nawa?" Ta ce uku, in rubuta uku. Ta jero sunaye, in jera. Kwana biyu na gama, har ina yaba wa kaina sauri. Da na haɗa lissafi sai na ga yaran ba su kai adadin da aka faɗa mana ana buɗe aji da shi ba.

Na sami maigari a gindin bishiyar bedi, jama'a kewaye da shi. Ya kira ni yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, ɗiyanmu sun kai?"

Na ce, "Ba su kai ba, Baba. Alƙalami ba ya ƙarya."

Har yau ina jin kunyar wannan magana. Dattijon ya sunkuyar da kai yana jan layi a ƙasa da tsinke. Na ga ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ƙuruciya ta hana ni jin tausayinsa yadda ya kamata.

Sai ga yayarsa, wata tsohuwa 'yar ƙarama mai goro a kunci, ta dogaro sanda ta tsaya gabana. Ta kira ni da wasan kaka da jika.

"Kai maigidana, taho nan. Kai na nawa na ga uwakka?"

Na ce, "Auta ne, Kaka."

"Awo! Na gani ga tahiyakka."

Aka fashe da dariya. Ta yafito wata yarinya da ke ɗauke da tulu, ta nuna mini gidansu, ta ce in duba ko tana cikin kayena. Na buɗe, na bi layi da yatsa, babu ita. Ta kira wani yaro, shi ma babu. Na uku ma haka. Gumi ya fara keto mini. Don in fid da kaina, sai na juya wurin uwar yarinyar, wadda ke tsaye cikin mata, na ɗaga murya na ce, "Ke, wannan ba 'yarki ba ce?" Baiwar Allah ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga gida da gudu, mata suna ta shewa.

Tsohuwa ta ce, "Mi kaka so ta ce maka? Ɗiyatta ta hwari ta. Kai da anka ɓata da kiran suna tun sahe hal dare, ina kas san wanga?"

A nan kaina ya waye. Abin haushin, ba baƙon abu ba ne a wurina. A gidanmu ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunan babban wanmu ba, sai dai ta ce "wancan", in an tambaye ta 'ya'ya kuma daga na biyu take farawa. Na girma ina gani, amma da aka ba ni takarda mai layi-layi sai na bar sanina a Madawa. Gida bayan gida na bi, na zubar da duk 'ya'yan farin tungar, kuma su ne manyan da suka isa shiga lakkol.

Washegari muka sake zagaye, tsohuwa a gaba, ni a baya riƙe da kaye kamar ɗan rakiya. Ba ta tambayar uwa. Kakar yaro take nema, ko goggo, ko maƙwabciya, uwar kuma ta shige ɗaki ta yi kamar tana neman wani abu. Duk sunan da na rubuta sai tsohuwa ta ce, "Ƙara shi, maigida, alƙalami ba ya ƙarya." Na sha wannan ba'a har la'asar.

Gida ɗaya ya rage, a bakin ƙoramar, kuma yaro ɗaya ya rage mana mu cika. Matar gidan baƙuwa ce, daga wajen Ibohamane suka taso, mijin yana biɗa, ba ta da kowa nata a tungar. Tana da 'yar fari da ta isa shiga aji, amma kowa da laƙabi ya san ta, ita kanta yarinyar shi kaɗai ta sani. Takarda kuwa sunan yanka take so. A can aka raɗa shi, kuma duk tungar babu wanda ya san shi sai uwar.

Tsohuwa ta daina wasa. Ta zauna kan turmi ta ce, "Ɗiyata, ba mu son mu kunyata ki. Amma in ba ki hwaɗi ba, ruwa za su ci gaba da tsallakawa, ita da sauran."

Matar ta yi ta murza bakin zane. Can ta juya mana baya, ta fuskanci bango, ta faɗi sunan a hankali. Yarinyar na tsaye bakin ƙofa. Ta dubi uwarta ta ce, "Inna, ni ta?" Uwar ba ta juyo ba, sai kai da ta gyaɗa, ta sa gefen mayafi tana share ido. Ni ma da ƙyar na ga layin da nake rubutu a kai.

Bayan kaka aka kafa musu aji na rumfar kara, na ji labari har Madawa.

Tun daga ranar na san cewa kafin ka ƙidaya mutane sai ka san wanda ya kamata ka tambaya. Na kuma koyi cewa in mutum ya tsallake wani a lissafinsa, kada ka yi saurin cewa babu shi. A wajenmu, sau da yawa wanda baki ya kasa ambata shi ne wanda aka fi so.